Sa wa mamaci Mas: a ina ake farawa, nawa ake bayarwa, wace rana ta dace?

Ɗan Mabera:

Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a nan Sakkwato, an kai shi gida an binne. Ɗan Katolika ne, amma gidanmu a haɗe yake: wasu ƙannena suna ECWA, dangin uwarmu kuma Musulmi ne. Yanzu magana ta rabu gida uku. Dangin uwa suna tambayar ranar sadakar bakwai da ta arba'in. 'Yan ECWA sun ce wanda ya mutu ya gama nasa, addu'ar masu rai ba ta ƙara masa komai. Gwaggonmu kuma ta dage sai an biya an yi masa Mas, wato babbar addu'ar da firist yake miƙawa a cocin Katolika, sau talatin a jere, in ba haka ba ransa ba zai huta ba.

Ina roƙon waɗanda suka san abin su warware mini. Yaya ake sa wa mamaci Mas yadda ba za a manta da sunan ba? Akwai ƙayyadadden kuɗi? Ikilisiya ta san da ranar uku, bakwai da arba'in? Me kuma zan faɗa wa ƙannena ba tare da an yi rigima a gidan makoki ba?

Katikis Gwiwa:

Sannu da rashi, ɗana. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin jurewa. Ni zan ɗauki ɓangaren ofis, domin nan aka fi samun tangarɗa.

Ka je ofishin faris, wato cocin yankinku, da ƙafarka a ranar aiki. Kada ka tare Fada, wato firist, a ƙofar coci ranar Lahadi yana gaisawa da jama'a ka cusa masa ambulan, irin wannan saƙo a aljihun riga yake kwana har ranar ta wuce. Kowane faris yana da littafin da ake rubuta niyyoyin Mas, wato sunan wanda ko abin da za a yi Mas dominsa. Dokar Ikilisiya ce ta wajabta shi a kanon 958, ta kuma ɗora wa bishop duba shi kowace shekara, shi da kansa ko wakilinsa. Ka rubuta a takarda cikakken sunan Baba haɗe da sunan baftisma, ka sa "marigayi" a gaba. Idan babu wannan kalma, sunan yana iya faɗawa cikin jerin marasa lafiya ko masu godiya. Ka sa ranar da kake so, ka bayyana Mas na safe ne ko na yamma, da adadin Mas ɗin. Ka tsaya har ka ga an shigar da shi littafi kafin ka juya.

Batun kuɗi. Abin da ake bayarwa baiko ne don ɗawainiyar firist da aikin Ikilisiya, kuma bishop-bishop na lardi ne suke yanke adadinsa. Sakkwato tana ƙarƙashin lardin Kaduna, saboda haka ka tambayi sakataren ofis abin da aka tsayar a yanzu. Fada ba shi da ikon neman fiye da haka. Yana iya karɓar abin da ya fi idan kai ka bayar da son ranka, yana kuma iya karɓar abin da bai kai ba. Wanda ba shi da ko sisi ya faɗa a fili, kanon 945 ya roƙi firistoci da gaske su yi wa mabukata Mas ko ba a ba su komai ba, kanon 947 kuma ya hana duk abin da ya yi kama da ciniki.

Ga inda mutane suke rikicewa. Idan ka ba da dunƙulen kuɗi ba ka faɗi adadi ba, ƙa'ida ita ce a raba shi bisa adadin da aka tsayar a wurin. Wato wanda ya ba da ninki biyar ya yi shiru, ana iya lissafa masa Mas biyar. In guda ɗaya kake nufi, sauran kyauta ce, ka rubuta haka. Sannan asalin doka, kowane baiko da aka karɓa, komai ƙanƙantarsa, Mas ɗinsa daban. Haɗa mutane da yawa a Mas guda yana halatta ne kawai idan an sanar da masu bayarwa tun farko sun kuma yarda, kamar yadda umarnin Roma na 1991 ya shimfiɗa, aka kuma sake jaddada shi a 2025. To ka yi tambaya ɗaya tak a ofis: na Baba ne shi kaɗai, ko na haɗaka? Duka biyun addu'a ce ta gaskiya, amma ya kamata ka san wanda ka nema. Idan kana son nasa shi kaɗai, Mas na safiyar ranar aiki ya fi sauƙin samu, domin Lahadi a cike take da sunaye, kuma dole ne Fadan faris ya miƙa Mas ɗaya na kowace Lahadi saboda jama'ar faris baki ɗaya, ba tare da baiko ba.

Ranaku kuwa, babu wadda aka wajabta. Tsohon littafin Mas na Roma yana da addu'o'i na rana ta uku, ta bakwai, ta talatin da ta cikar shekara, Kiristocin Gabas kuma suna riƙe da uku, tara da arba'in. Tun a shekara ta 395 Ambrose, bishop na Milan, ya ambata cewa wasu suna kiyaye rana ta uku da ta talatin, wasu ta bakwai da ta arba'in. Ka ga ke nan babu abin da zai hana ku sa Mas da safiyar ranar arba'in, ku dawo gida a yi girki a raba. Sadaka saboda mamaci tana cikin koyarwarmu, Katikizim, littafin koyarwar Ikilisiya, ya lissafa ta a sakin layi na 1032 tare da addu'a da ayyukan tuba. Abin da ba na goyon baya shi ne a ci bashi a kafa rumfuna, a ɗinka anko, a ciyar da waɗanda suka ƙoshi. Abincin ya isa ga marasa lafiya a asibiti, da fursunoni, da gwauraye, da yaran da ke yawo da kwano a unguwa.

Abu na ƙarshe, kada ranka ya ɓaci idan ka zo ka ga Fada da koren kaya ko farare, bai karanta karatun matattu ba. Niyyar Mas daban, tsarin addu'o'in ranar daban. Ana iya miƙa Mas saboda mamaci a duk ranar da ake yin Mas. Amma addu'o'i da karatu na musamman na matattu, da kaya masu launin shunayya ko baƙi, suna da ranakunsu. Ranar samun labarin rasuwa, ranar binnewa da cikar shekara ta farko suna da gata, ana yin su a ranakun aiki in ban da Larabar Toka, ranar fara Azumi, da Mako Mai Tsarki, makon da ke kai wa Ista. Sauran sai a ranakun aiki na lokacin yau da kullum na shekarar Ikilisiya da babu wani biki na dole. Juma'ar Mako Mai Tsarki babu Mas gaba ɗaya, haka ma yinin Asabar ɗin, kada ka zaɓe su.

Malamin Littafi, Runjin Sambo:

Allah ya jiƙan rai, ɗan'uwa. Baba Katikis ya gama da ofis, bari in taɓa maganar ƙannenka.

Ka fara da yarda da su a inda suke da gaskiya. Za su kawo Ibraniyawa 9:27, cewa mutum sau ɗaya yake mutuwa, bayan haka sai shari'a. Za su kawo Luka 16:26, ramin da ba a ƙetarewa tsakanin Li'azaru da mai arziki. Ikilisiyar Katolika ba ta musun ko ɗaya. Babu addu'ar da ke fitar da mutum daga jahannama, babu kuma tuba bayan mutuwa. Waɗanda muke yi wa addu'a su ne waɗanda suka mutu cikin alherin Allah, cetonsu ya tabbata, amma akwai sauran dauɗa da ba a wanke ba: ƙananan zunubai, da tabon manyan da aka riga aka gafarta. Kamar ƙaya ce, an cire ta amma mikin bai warke ba. Ru'ya ta Yohanna 21:27 ta ce babu abu marar tsarki da zai shiga birnin. Wannan wankewa ta ƙarshe ita ake kira Purgatori, kuma ƙofa ɗaya ce da ita, ta shiga sama.

Nassin da ya fi fitowa fili shi ne 2 Makabiyawa 12:38-46. Bayan yaƙi, Yahuza Makabi da mutanensa suka zo kwashe gawarwakin sojojinsu, sai suka tarar da layun gumakan Yamniya a ƙarƙashin rigunan waɗanda suka faɗi. Suka yi musu addu'a, Yahuza ya tara kuɗin azurfa dirakma 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya saboda zunubinsu. Marubucin ya ce da bai sa rai ga tashin matattu ba, da yi musu addu'a wauta ce. Sai dai ka sani, wannan littafi ba ya cikin Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 da ke hannun ƙannenka, yana cikin namu mai 73. Idan ka buga musu shi a matsayin hujja za su ce ba su san shi ba, kuma daga nan gardama ta koma kan jerin littattafai. Abin da ba za su iya musu ba shi ne shaidar tarihi: Yahudawa suna yi wa matattunsu addu'a tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu.

A Sabon Alkawari akwai 1 Korantiyawa 3:11-15, mutumin da aikinsa ya ƙone amma shi ya tsira kamar ta cikin wuta, da Matiyu 12:32, zunubin da ba a gafartawa a wannan zamani ko a mai zuwa. Akwai kuma 2 Timoti 1:16-18 inda Bulus ya roƙa wa Onisifaras jinƙai a ranar nan, ko da yake nassin bai faɗa ƙarara cewa ya riga ya mutu ba. Waɗannan ishara ce, kada ka ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Hujjar da ta fi nauyi ita ce abin da Kiristocin farko suka yi. Tertuliyan na Kartaj, a Arewacin Afirka, ya rubuta a farkon ƙarni na 3 cewa suna miƙa hadaya saboda matattu duk ranar cikar shekara. Monika, mahaifiyar Agustin, da za ta rasu a Ostiya a 387, ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, abin da take roƙo kawai su tuna da ita a bagaden Ubangiji.

Abin da majalisun Florence (1439) da Trent (1563) suka tsayar bai wuce biyu ba: akwai tsarkakewa bayan mutuwa, kuma addu'ar masu rai, musamman hadayar Mas, tana taimakon waɗanda ke cikinta. Ba a tsayar da wuri ba, ba a tsayar da yawan kwanaki ba, ba a tsayar da irin wutar ba. Trent ɗin ma ta umarci bishop-bishop su hana duk abin da ya shafi camfi ko neman kuɗi a wannan batu. Paparoma Benedict na 16 ya rubuta a 2007 cewa ba a auna tsawon wannan tsarkakewa da agogon duniya. Saboda haka duk wanda ya zo muku da cewa ya ga Baba a wahayi, saura Mas tara ya fita, a turo kaza, ku sallame shi da ladabi. Haka mai cewa zai kira ruhunsa ku ji abin da yake so. Kubawar Shari'a 18:10-12 ta haramta neman magana da matattu. Mu Allah muke roƙo dominsu.

Da dangin uwa kuma, kada ka ce musu Purgatori shi ne barzahu don a gajarta zance. A wurinsu kowa yana zaman barzahu har tashin ƙiyama, namu kuwa na waɗanda aka cece su ne kaɗai. Inda kuka haɗu ya isa: ku duka kuna cewa Allah ya jiƙansa, kuma kuna nufin abin da kuka faɗa. Ƙannenka 'yan ECWA kada a tilasta musu cewa amin ga abin da ba su gaskata ba. A ba su karatun Zabura da addu'ar ta'aziyya ga masu rai, kowa ya samu abin yi.

Ɗan Mabera:

Na gode, Baba Katikis, na gode Malam. Saura maganar gwaggo ta Mas talatin. Sannan mahaifiyarmu tana tambaya ko za a iya haɗawa da yayanta da ya rasu yana Musulmi, da wata jaririyar gidanmu da ta koma ba a kai ga yi mata baftisma ba.

Tsohon Ɗan Seminari:

Sannunku da haƙuri. Abin da gwaggo take nufi shi ne Mas na Gregori, kuma tsohuwar al'ada ce mai asali, sai dai ba dole ba ce. Ta samo suna daga Paparoma Gregori Babba, wanda ya rasu a 604. Shi ya ba da labarin wani ɗan zuhudu mai suna Yustus da aka samu ya ɓoye tsabar zinariya uku, bayan mutuwarsa Gregori ya sa aka yi masa Mas kwana talatin a jere. Ikilisiya ta amince da al'adar a matsayin ibada mai kyau. Ba ta taɓa koyar da cewa rai ba ya hutawa sai da ita ba, ba ta kuma ba da tabbacin cewa rana ta talatin da ɗaya an fita ba.

Ƙa'idojinta: Mas talatin, ɗaya kowace rana, kwana talatin a jere, saboda mamaci guda. Ba a haɗa mutum biyu, ba a yi wa mai rai, ba a yin biyu a rana don a gama da wuri. Ba lallai firist ɗaya ya yi duka ba, ba lallai a coci ɗaya ba. Idan wanda ya karɓa zai yi tafiya, sai ya sa wani ya riƙe masa ranar. Kwanaki uku na ƙarshen Mako Mai Tsarki ba sa karya jerin. Tun 1967 kuma Roma ta sassauta: idan rashin lafiya ta faɗo, ko jana'iza ko ɗaurin aure ya tilasta wa firist ya tsallake rana, jerin bai lalace ba, sai ya cika sauran da wuri.

Matsalar ita ce samun mai yi. Fadan da yake shi kaɗai a faris, ga rassan ƙauye, ga Mas na jama'a kowace Lahadi, ga littafi cike da sunayen wasu, da wuya ya keɓe wata guda cur ga mutum ɗaya. Fada mai gaskiya zai ce maka ba zai iya ba, ko ya tura wa firistocin da ba su riƙe da faris, kamar masu koyarwa a seminari ko na gidajen zuhudu. Doka ta yarda a tura, da sharaɗin a miƙa baikon gaba ɗaya ga wanda zai yi. Ka nemi a faɗa maka sunan wanda ya karɓa da ranar farawa. Wanda ya karɓi kuɗin talatin nan take bai ko buɗe littafi ba, ka yi hattara. Idan kuɗin zai takura gida, Mas ɗaya a wata har shekara ta zagayo, iyali suna halarta suna karɓar Jibi, wato keɓaɓɓiyar gurasar da ake rabawa a Mas, ni a ganina ya fi talatin ɗin da aka biya aka tafi aka manta.

Kawunku: kanon 901 ya ce firist yana da 'yancin miƙa Mas saboda kowa, mai rai ko matacce. Bai ce sai ɗan Katolika ba. Amma ba za a ambaci sunansa a cikin babbar addu'ar keɓe Jibi ba, wannan wuri na waɗanda ke cikin cikakkiyar tarayya da Ikilisiya ne, ko Kirista na wata ɗarika ma ba a sa shi nan. Kuma a gari irin Sakkwato hankali ya kamata ya yi aiki. Kada a karanta sunan Musulmi a lasifikar coci 'ya'yansa ba su sani ba, suna iya ɗauka an raina addinin da ya mutu a kai. Mama ta gaya wa Fada a keɓe, a rubuta "niyya ta musamman", Allah ya san sunan. A yi masa nasa daban da na Baba.

Jaririya kuwa ba ta yi zunubin kanta ba, babu abin da za a wanke mata a Purgatori. Katikizim a 1261 ya ce Ikilisiya tana danƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah tare da begen ceto, akwai kuma addu'o'i na musamman dominsu a littafin jana'iza. Mas ɗin da za a yi, na miƙa ta ne ga Allah da roƙa wa iyayenta ƙarfin zuciya.

Maman Zumunta, Arkilla:

Ɗana, sannu. Ka gaishe da mamanka, ka ce mata muna tuna ta. Duk sun yi maganar abin da Fada zai yi, ni zan faɗi abin da ku za ku yi da kanku, ba ko kwabo.

A gida, bayan addu'ar dare, a ce: Ya Ubangiji, ka ba shi hutu na har abada, haskenka madawwami ya haskaka masa, ya huta cikin salama, amin. Lafazin yakan ɗan bambanta daga littafi zuwa littafi, ba damuwa. A ƙara da Zabura 130, wadda ta fara da kira daga cikin zurfafa. A wasu littattafan Katolika na da lambarta 129 ce, kada ku rikice. Mai iya Rosari ya ja, ya ambaci sunan Baba a farko.

Sai watan Nuwamba. Ranar 1 ta dukan tsarkaka ce, ranar 2 ta dukan amintattun da suka rasu. Odilo, shugaban gidan zuhudu na Cluny a Faransa, shi ya kafa ranar 2 ga wata wajen shekara ta 1000, daga nan ta bazu. Tun 1915 Paparoma Benedict na 15 ya ba kowane firist izinin yin Mas uku a ranar: ɗaya ga niyyar da aka ba shi, ɗaya ga dukan matattu, ɗaya ga niyyar Paparoma, kuma a ɗaya kawai yake riƙe baiko. Idan ta faɗo Lahadi, kamar a 2025, ita ake yi. Yawancin faris suna karɓar jerin sunayen matattu tun ƙarshen Oktoba. Ku rubuta da manyan baƙaƙe, suna ɗaya a layi ɗaya, domin mai karatu yana fama da ɗaruruwa.

Akwai kuma rangwamen horo, wato sassauta wa rai tsarkakewar da ta rage masa, wanda firistoci ke kira indaljens. Daga 1 zuwa 8 ga Nuwamba, duk ranar da ka ziyarci maƙabarta ka yi wa matattu addu'a, ko a zuci ne, kana iya samar wa rai guda cikakken rangwame, sau ɗaya a rana. A sauran ranakun shekara na sashe ne. Ranar 2 ga wata kuma ana samunsa ta ziyartar coci a karanta Ubanmu da Na Ba Da Gaskiya, kuma lokacin yana buɗewa tun tsakar ranar 1. Ba sai kabarin Baba ba. Tunda an kai shi gida, ga nisa ga halin da hanyoyi suke ciki, maƙabartar da ke kusa da ku ta wadatar.

Sharuɗɗan su ne mutane suke tsallakewa. Furta zunubi wurin Fada, karɓar Jibi, addu'a saboda niyyar Paparoma (Ubanmu ɗaya da A Gaishe Ki Maryamu ɗaya sun isa), da zuciyar da ba ta maƙale da kowane zunubi ba, ko ƙarami. Furci ɗaya yana ɗaukar dukan kwana takwas ɗin, in dai an yi shi cikin kamar kwana 20 kafin ko bayan, amma Jibi da addu'ar Paparoma kowace rana da nata. Na huɗun shi ne mai wuya. Wanda ya je maƙabarta yana riƙe da ɗan'uwansa a zuci kan rabon gado, abin da zai samu na sashe ne. Ba a sayen wannan rangwame, ba a kuma yi wa wani mai rai. Tsofaffin littattafan addu'a da kuke gani an rubuta "kwana 300" ko "shekara 7" a ƙarƙashin addu'a, Paparoma Paul na 6 ya soke wannan lissafi a 1967, kuma dama can ba kwanakin Purgatori ake nufi ba.

In za ku je, ku je da sassafe ko bayan la'asar, ranar Sakkwato ba ta san Nuwamba ba. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ciyawa ta rufe kaburbura, a sa takalmi rufaffe, a riƙe sanda saboda macizai. A tafi da fartanya da lauje a yi nome, kada a cinna wa ciyawa wuta, iskar hunturu tana kai ta inda ba a nufa ba, tana kuma cinye gicciyen katako. Kyandir a kashe shi kafin a tashi. A je a ƙungiya, a dawo da rana. Ruwa mai tsarki kaɗan a gora ya isa a yayyafa. Ba a ajiye wa mamaci abinci ko abin sha a kan kabari, wannan ba namu ba ne.

Katikis Gwiwa:

Mama ta kawo abin da ya kamata. Ƙari kaɗan saboda 'yan'uwanmu na rassan ƙauye a Kebbi da Zamfara, inda Fada yakan yi makonni bai samu zuwa ba. Wanda ciwo, tsufa ko rashin tsaro ya hana shi zuwa maƙabarta, firist mai jin furci yana da ikon musanya masa aikin da wani. Inda furci da Jibi suka yi wuyar samu, bishop yana iya ba da izini a samu rangwamen da tuba ta gaskiya da niyyar cikawa da zarar hali ya yi. A tambaya, kada a zauna ana cewa an rasa.

Haka idan aka yi rasuwa a bazara, ga zafi, ga babu wurin ajiye gawa, ba a jiran Fada. Katikis ya jagoranci karatu da addu'o'in binnewa, a yi Mas daga baya ba tare da gawa ba. Mas na jana'iza ma dama ba a yin sa a Lahadin Adbent (lokacin shirin Kirsimeti), na Azumi da na Ista, ko a manyan bukukuwa na dole, ko daga Alhamis zuwa ƙarshen Mako Mai Tsarki. Idan za a kai gawa gida, a karɓi wasiƙa daga Fadan faris na nan tare da katin baftisma, shi ke hana dogon bincike a can. Bashin kuɗin ƙungiya ko na gini ba ya cikin dalilan da kanon 1184 ya lissafa na hana jana'izar Ikilisiya, kanon 1181 kuma ya ce kada a tauye wa talaka jana'izar da ta dace. Inda aka ci karo da haka a kai maganar ofishin bishop cikin natsuwa.

Kai kuma ɗana, tunda a gida aka binne Baba, ranar da za ka je sa Mas ka tafi da ranar rasuwa, ranar binnewa, sunan garin da na firist ko katikis ɗin da ya binne shi. Ka tabbata farisin can ya shigar da shi littafin matattu, na nan kuma ya gyara rajistarsa, don kada a ci gaba da lissafa shi cikin masu biyan kuɗin shekara.